Zabirar Mantau

Ranar da muka kwashe ɗakin Baba a Gangare
aka tsinci zabira bayan akwatin ƙarfe,
fatarta ta ƙeƙashe kamar ganda.
Ƙaho huɗu, aska biyu, dutsen washi da ya lotsa a tsaka.
Gwaggo Kande ta shinshina ta ce, "Ta Mantau ce.
Ji warin man shanu da hayaƙi."

Mantau kakana ne, ban riske shi ba.
An ce da ƙafa ya hawo duwatsun nan
zamanin da kuza ke cin gadon bayan maza,
ya shimfiɗa tabarma a bakin barikin lebura.
Mai ciwon kai, mai ƙugu, mai jin jiki ya yi nauyi,
kowa ya zo sai ya sunkuya.
Tsaga uku, a kafa ƙaho, a zuƙa,
a toshe da danƙo, a jira.
Abin da ya fito baƙi ƙirin, ya ce matacce ne,
ya binne shi a gindin ƙyarana.
Wasu sun miƙe sun koma ɗaukar kwano.
Masu tari ba su daina ba.
Ƙaho ba ya kaiwa huhu.

Shekarar agana 'yan lamba suka shigo unguwa.
Mantau ya ce ba mai tsaga ɗansa sai shi,
ya ɓoye Ilu ƙarƙashin gado.
Kakata Dela ta bari ya tafi aski,
ta goya yaron ta bi ta bayan danga.
Kwana bakwai bai ci tuwonta ba.
Kafin watan ya mutu
an fitar da yara biyu daga gidan da muke katanga ɗaya.
Da mai lamba ya sake biyowa
Mantau ya zaunar da shi, ya aske shi tas,
ya ƙi karɓar ko anini.
Iyakar maganar da ya yi ke nan.

Tabon na nan a damtsen Baba har aka yi masa wanka,
zagaye, kamar an danna kwabo a danyen yumɓu.

Ilu ya zama disfensa a asibitin kamfani a Bukuru.
Sirinjin gilashi na tafasa a tukunya kan risho,
kwinin mai ɗacin da ke sa ƙato hawaye,
shuɗin magani a kan kowane gyambo.
In bai yi allura ba, sai a ce yau Malam bai duba ba.
Allura kuwa in ta dakushe
da dare yake gyara mata baki.
Yanzu na gane abin da ya lotsa dutsen nan:
hannu biyu ne, uba da ɗa.

Ni kuma ina ɗakin gwaji a Lamingo.
Ɗigo ɗaya nake so, in shafa a gilashi,
in sa rini, in leƙa ta madubi
in ga zazzaɓi kwance cikin jini kamar ƙaramin zobe.
Kakana ya ɗebi jini ya zubar,
ni ina ɗiba in karanta.
Na daɗe ina jin na fi shi.

Shekaranjiya wani tsoho, Baba Gyang, ya zo da sanyin safe.
Garin naɗe riga na ga kafaɗarsa,
tsaga uku-uku, sun dushe kamar rubutun da aka wanke.
Ya ce, "Na bariki ne. Wani dogo mai wushirya."
Ban san ko Mantau na da wushirya ba.
Da na cika kwalba na manna suna
sai ya riƙe mini hannu:
"In kin gama dubawa, ina za ki binne shi?"

Na ce akwai inda ake kaiwa.
Bai saki hannuna da wuri ba.

Daren jiya na ɗauki ƙaramin ƙahon,
na goge shi, na kafa a tafin hannuna,
na zuƙa.
Ya kama.